Tuwon Watan Agusta, Tun Kaka A Ke Tanadinsa

Maganarmu ta yau a kan tsimi da tanadi ce, kuma da matan kudancin Jihar Kano mu ke, watau na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ko da ya ke wadda ta ke zaune a wani wuri ma ba za ta rasa abin tsinta a ciki ba.

Abin da ya sa muka ware ku shi ne wani abin mamaki da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya bi hanyar nan da ta rabu daga Kwanar Ɗangora ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta faɗa ƙasar Doguwa, in dai a watan Nuwamba ne ko Disamba, zai yi ta karo da manyan motoci shaƙe da masara da shinkafa da dawa da waken suya, sun nufi Dawanau da sauran manyan kasuwanni. Ƙasarku ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, damina ta kan riga sauka a wurinku, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba. Ga madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin rani na su Kadawa da Kura. Ashe kuwa ku ne rumbun jiha. Amma a wannan ƙasa mai albarka, da zarar watan Yuli ya raba, Agusta ya kunno kai, sai ki ga yarinya da kwano ɓoye cikin hijabi, an aike ta awo gidan mai sayar da hatsi. Masarar da ubanta ya sayar da arha a kaka, irinta ce za ta auno da tsada, wani lokaci ma bashi. To, ina tattali a nan?

Wannan ciwo ba na yau ba ne. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, tana nazarin zaman manoma, ta fitar da littafi a 1972. Cikin abin da ta lura da shi har da wannan, cewa talakan manomi shi ne mai saurin sayar da hatsinsa da an kawo shi gida, shi ne kuma mai saye lokacin da ya fi tsada. Shekara fiye da 50 ke nan. An canja kuɗi daga fam da sule zuwa Naira a 1973, an ci Udoji, an sha tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari a 1982, an sha na Babangida a 1986, amma wannan hali yana nan inda ya ke.

Ba mu ce laifin manomi ne shi kaɗai ba, balle a ɗora wa matarsa. Kowa ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, shekarar da ba mai girki da za ta manta da ita. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi, taki da magani ba a magana. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a tsakiyar 2024 farashin abinci ya ɗara na shekarar da ta gabata da fiye da kashi 40 cikin 100. Kuma kada ki ɗauka mu kaɗai ne. A Kanada, ƙasar da samarinmu ke mafarkin zuwa, a watan Maris na 2024 kaɗai an je wuraren da a ke raba abinci kyauta fiye da sau miliyan 2. Yawancin matan can ba su da rumbu, ba su da gona, ko albasa ɗaya sai an shiga kanti, saboda haka iyakar dabararsu ita ce bin inda aka yi rangwame. Ke kuwa a tsakar gidanki a ke sauke abincin. Kin ga kin fi su abin yi.

Amma fa a fahimce mu. Ba cewa mu ke yi a ɓoye hatsi ana jiran ya yi tsada a sayar ba. Waɗanda suka yi haka sun ji a jikinsu a 2025, sa'ad da farashin masara da shinkafa ya faɗi ƙasa warwas, bayan gwamnati ta ɗage haraji na wani ɗan lokaci a kan abincin da a ke shigowa da shi daga waje a 2024. Mai tarawa ya tafka asara, manomi kuma ya sayi taki da tsada ya sayar da amfani da arha. Kasuwa ba ta da alkawari. Cikin yaranki kuwa yana da shi, kullum gari ya waye sai ya nemi abin sawa. Abin ci mu ke cewa a ware a ajiye. In farashi ya hau kin tsira, in ya sauka ba ki yi asarar komai ba, domin da ma ba don sayarwa kika ajiye ba.

Tattali kuwa da lissafi ya ke farawa. Mata da yawa in an tambaye su buhu nawa gidansu ke ci a shekara, sai su ce Allah ne masani. Haka ne, Allah ne masani, amma ai Ya ba mu hankali da yatsun ƙirga. Babban buhu ya kan ci kwano 40. A ce gidanki kwano 2 a ke surfawa kullum, ke nan a wata kwano 60, watau buhu ɗaya da rabi, a shekara kuwa buhu 18 da 'yan kai. Sai ki ƙara na baƙi, da na kunun azumi, da na suna in akwai mai ciki a gidan, da irin da za a shuka baɗi. Tun kafin wannan duka an fitar da zakka in amfanin ya kai nisabi, kashi ɗaya cikin 10 ga noman ruwan sama, ɗaya cikin 20 ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Abin da ya yi saura bayan wannan lissafi, shi ne na kasuwa. Mu kuwa akasin haka mu ke yi, sai an gama sayarwa sa'an nan a leƙa rumbu a ce abin da ya rage ya isa in Allah Ya so.

Mun san wata za ta ce, ai rumbun ba nawa ba ne, kuma ciyarwa haƙƙin miji ce. Gaskiya ne. Amma shi maigida fita ya ke yi, ke ce ki ke riƙe da kwanon awo, ke kika san ranar da tukunya ta fara neman ƙari, kuma ke ce yara za su zagaye da kuka ranar da babu. Saboda haka maganar ta shafe ki. Sai dai kowace magana da lokacinta. Ba a gaban baƙi ba, ba a gaban yara ba, ba kuma ranar da ya dawo daga kasuwa ransa a ɓace ba. Ki bari ya ci ya sha, ki ce, "Maigida, na ƙirga abin da muka ci bara, ga shi. Da za a ware mana buhu kaza a rufe, da hankalinka ya kwanta da damina." Namiji ba ya son a nuna masa bai iya riƙe gida ba, amma ba wanda ke son a tare shi a ƙofar masallaci da maganar bashin awo. In ku biyu ne ko uku a gidan, to, ku haɗa baki a kan wannan ko da ba ku taɓa haɗawa a kan komai ba. Gasar girki ta cinye rumbuna da yawa. Wannan ta tuƙa malmala goma ranar girkinta, waccan ta ce sai ta yi goma sha biyar don kada a ce ta gaza, da safe a yi ɗumame a bar saura, da hantsi a zuba wa awaki. Ran da hatsi ya ƙare kuwa ba a tambayar ranar girkin wace ce.

Yanzu sai mu zo inda ta fi ƙauri, watau maganar biki. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba duk buhun da ya fita a kaka ne ya tafi biyan kuɗin taki ba. Da yawa bukukuwa ne suka cinye su, kuma mu mata mu ne a gaba. Da an gama girbi sai katin gayyata ya yi ta yawo. Wannan makon anko, mako mai zuwa wani ankon, kuma atamfar da aka fitar ba a sake ɗaura ta zuwa wani taro don kada a ce an gan ki da ita. Ga kuɗin ɗinki, ga mayafi da takalmi sai sun dace, ga lalle, ga kuɗin mota. Sa'an nan ga gudummawar nan ta biki da a ke ninkawa, ƙawa ta kawo miki dubu biyu ranar sunanki, ke sai kin kai mata dubu huɗu, ita kuma ta dawo da takwas, har abin ya zama ba zumunci ba ne, bashi ne mai ruwa da aka yi wa kwalliya. Iyayenmu da suka fara wannan al'ada don taimakon juna suka yi ta, kuma su kan yanke ta su koma ƙasa in ta yi nauyi. Mu kuwa kunya ta hana mu.

Haka kayan ɗaki. A da uwa ta kan fara tara tasoshi da kwalla tun yarinya tana goye, ɗaya bayan ɗaya, daga ribar ƙuli-ƙuli da dakau, har ranar aure ta zo ba a ji nauyin ba. Yau sai saura wata biyu a tashi neman gado da kujeru da kuloli na kece raini, a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, a kwashe rumbu, don dai dangin ango su shigo su yi shiru. Haba mata! Su 'yan kallon nan da suka yaba, in Agusta ta zo ko ɗaya ba za ta aiko miki da kwanon dawa ba. Ba mu ce kada a yi wa 'ya gata ba. A yi mata, amma daidai ruwa daidai tsaki. Kuma wadda ta fara cewa "bikina ba anko, kowa ta zo da abin da ta ke da shi," za a yi da ita kwana biyu, daga baya a yi ta sa mata albarka a ɓoye, domin kowa neman mai fara faɗa ta ke yi.

To, a ce an ware abincin shekara. Saura adana shi, domin ba amfani a hana kasuwa a ba ƙwari. Abu na farko shi ne bushewa. A ƙasar Doguwa da Tudun Wada sau da yawa masara ta kan nuna ruwa bai gama ɗaukewa ba, sai a yi gaggawar ɗurawa a buhu da sauran danshi. Nan fumfuna ke kama ta, kuma wata irin fumfuna da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da guba mai lahanta hanta, mai hana yara girma, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa tsirara ba, a tsince waɗanda suka canja launi a zubar. Ga wata dabara ta malaman gona don gane ko hatsi ya bushe. Ki sami kwalba busasshiya, ki zuba hatsi kamar sulusinta, ki ƙara gishiri busasshe cokali biyu, ki rufe ki girgiza sosai, ki bar ta jim kaɗan ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a koma shanya. In bai manne ba, a ɗura.

Abu na biyu, don Allah a rabu da zuba fiya-fiya a wake da masara. Maganin ƙwari ne, ba na cikin mutum ba. Saboda yawan irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Abin da Turawa suka ƙi ci, shi za ki dafa wa 'ya'yanki? Haka ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba da a ke jefawa cikin buhu, kada a kuskura a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da mutane ke kwana. Akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan. Buhun nan da a ke kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, a Kano ma ana yin sa. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. Ki cika, ki matse iska ta fita, ki ɗaure ledar ciki ita kaɗai, ki ɗaure ta biyu ita kaɗai, sa'an nan ki ɗaure buhun. Ƙwarin da ke ciki iska ce za ta ƙare musu su mutu. In ba a huda shi ba ya kan yi shekara biyu ko uku ana amfani da shi, sai dai a ɗora shi kan katako, nesa da bango, saboda ɓera. Wadda ba ta samu ba, jarka mai murfi mai kyau ma tana yin wannan aiki, in an wanke ta ta bushe, aka cika ta har baki aka toshe. Dawa da gero kuwa, kakanninmu sun riga mu sani, a zangarniyarsu suka fi daɗewa, shi ya sa su ke jera damuna a rumbu su riƙa cirowa kaɗan-kaɗan. Duk yarinyar da ta je Islamiyya ta san wannan ita ce shawarar da Annabi Yusuf ya bayar a Masar.

Kayan miya ma suna da tasu kakar. Daga Janairu zuwa Maris tumatir ya kan cika ko'ina, a Kwanar Gafan har a rasa mai ɗauka, amma da damina ta kusa sai ya zama sai mai hali. Ki yanka ki shanya kauɗa lokacin arha, a wuri mai tsabta inda kaji da ƙura ba sa kai wa, haka tattasai da attaruhu da kuɓewa. Zogale da rama da yakuwa a inuwa a ke shanya su don kada amfaninsu ya tafi. Kuma ki duba yawan dunƙulen da ki ke jefawa a tukunya. Wata sai ta ɓare biyar ko shida a miya ɗaya, alhali ga ɗorawa a gonakinku, ga kalwa, ga masu daddawa a kowace unguwa. Daddawa abinci ce mai gina jiki, dunƙule kuwa yawancinsa gishiri ne, kuma yawan gishiri abokin hawan jini ne. Waken suya da mazajenku ke nomawa a loda wa 'yan kamfani, ki riƙe ko da kwano goma ne. Awara da madararsa da garinsa a cikin kunun yara suna tsaya wa nama ranar da babu nama.

Itace kuwa ba sai mun daɗe a kansa ba, kowa ta san kuɗinsa, kuma kowa na ganin yadda gatari ke cin daji. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, ki kare murhu daga iska ko da da 'yar katangar laka ce, in kin sauke ki zare itacen ki kashe maimakon ki bar shi yana ci a banza. Totuwar masara da kara da buntun shinkafa duk makamashi ne. Sayen ƙulli-ƙulli ma yana cin kuɗi ba a sani ba, man ƙulli, sukarin ƙulli, omon ƙulli. Mun san ba don so a ke yi ba, kuɗin ne ke zuwa kaɗan-kaɗan. Amma in ku huɗu ko biyar maƙwabta kuka haɗa kuka sayi jarka ɗaya ko katan ɗaya kuka raba, ribar mai ƙulli ta dawo hannunku.

Sai maganar kuɗin hannunki, na sana'arki, wanda ba mai iko da shi sai ke. Naira 200 kullum ba ta cika ido, amma a shekara Naira 73,000 ce. Sai dai inda za a ajiye ta shi ne abin dubawa. Kuɗin da ya kwana shekara a asusu ko ƙarƙashin katifa raguwa ya ke yi ko da ba a taɓa shi ba, domin abin da zai saya bana ba zai saya baɗi ba, kuma waɗanda suka tara tsofaffin takardu sun ga tashin hankali a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Akuya ta fi asusu, don ita haihuwa ta ke yi, mai kyau ta kan haihu sau uku a shekara biyu, abincinta kuwa dusa da ƙasari da harawa ne da ke gidanki, sai dai a kula da allurar rigakafinta. In kina adashi, ki roƙi uwar adashi ta sa ɗaukarki ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, ki auni hatsi da gyaɗa lokacin da suka fi arha, ba ki karɓa ranar Laraba ki kai wa mai atamfa ranar Alhamis ba. Kuma ki san wa kike zubi da ita. Wadda ta ke son banki, ta tabbatar mai rajista ne, domin akwai hukumar NDIC mai inshorar ajiya, wadda a 2024 ta ɗaga abin da ta ke biya in banki ya rushe zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa. Mai gudun kuɗin ruwa kuma akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. In za ki cire kuɗi wurin mai POS, ki cire na mako a tashi ɗaya, don kowace cirewa da ladanta. Amma duk wanda ya zo miki, ko a waya ko a baki, ya ce kawo dubu goma ki karɓi ashirin nan da wata ɗaya, ki kama bakin zaninki. Haka MMM ta yi da mutane a ƙarshen 2016, haka CBEX ta yi a watan Afrilu na 2025, kuma kafin kowacensu ta rufe akwai waɗanda suka rantse sun ci riba.

Akwai kuma wani abu da a ke kira tattali alhali ba shi ba ne. Rage wa mai ciki abinci, ko yaron da aka yaye, ba tattali ba ne. Ƙin zuwa awon ciki don kuɗin mota, ko sayen rabin maganin zazzaɓi a kemis a ce in ya ji sauƙi shi ke nan, wannan tara wa kai babban kashe kuɗi ne a gadon asibiti, in ma an yi sa'a ke nan. Hana maƙwabciya gishiri ko hana almajiri ɗan tuwo rowa ce, ba ta kuwa taɓa cika rumbu ba. Mafi muni duka shi ne a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata farantin talla a bakin titin Kwanar Ɗangora don a tara kuɗin kayan ɗaki. Abin da za ta kawo a yini ba zai biya abin da aka raba ta da shi ba, ga haɗarin mota, ga na mutanen banza.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce wannan zancen iyaye ne. Ke da ki ke aji biyu ko uku na sakandare, kin iya tarawa da ɗebewa, wataƙila Inna ba ta samu wannan dama ba. Ki ware littafi ɗaya mai falle 40, ki zama magatakardar gidanku. Kullum da dare ki tambaye ta abin da aka auna da abin da aka saya, ki rubuta, cefane daban, niƙa daban, sabulu daban, biki daban. Wata ɗaya kawai za ku yi ku ga inda kuɗin ke zurarewa, kuma sau da yawa ba inda a ke zato ba ne. Ki duba naki ɓangaren ma. Kuɗin katin waya da na data da ke tafiya a kallon rawar wasu, da man bilicin da ke cin kuɗi ya kuma ci fata, ki rubuta su a shafinsu kada ki ɓoye. Littafin da kika gama da shi ki adana wa ƙanwarki, rigar makaranta ki wanke ki shanya a inuwa ta kai ki shekara biyu. In an yi hutu ki zauna kusa da mai sana'a ki koya, ko ɗinki, ko awara, ko turara shinkafa irin yadda matan Tudun Wada suka ƙware, waɗanda shanshera ke shiga hannunsu ta fito ta zama kuɗi ba su taka ƙofar gida ba.

Ranar da aka gama ɗure hatsin bana kuma, ki samo gawayi ko alli, ki bi buhunan da aka ware na ci ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta wa kowanne watan da za a buɗe shi. Na Disamba da Janairu su zauna a bakin ƙofa. Na Yuli da Agusta da Satumba a kai su can ƙurya, a jera sauran a gabansu, yadda duk mai son ya taɓa su sai ya ɗage buhu goma tukuna.